Ranar da Na Ari Muryarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Takarda ta fito daga hannun Garba, jikanki kuma maigidanki na wasa, zuwa ga Kaka Kande mai lambu, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. In kina tambayar lafiyarmu, muna nan da rai, sai kewa.

Bayan haka, na san ba a kai wa kabari takarda. Malam ya gan ni ina dama tawada, ya tambaye ni ko rubutun sha zan yi wa wani. Na ce masa a'a, ƙarar matata zan kai, ta yi yaji ba ta ko yi mini sallama ba. Bai yi dariya ba. Da ke ce, da kin yi har giɓinki ya fito, sannan ki jefo mini ludayi. To, zan karanta ta a rumfar lambu, inda kika fi zama, wanda ya ji ya ji. Akwai abin da na yi da zanenki da muryarki, kuma ya kamata ki ji daga bakina.

Kin sha ba ni labarin yadda lambun ya fara. Bayan kakana ya rasu, mutane kuma suka watse daga tsohon gari suka koma bakin titi, sai ki wuni ba wanda ya yi miki sallama. Kika ce ranar da kika tsinci kanki kina ba kaza labarin mafarkinki, kazar ma ta juya ta tafi, ranar kika saɓi fartanya kika gangara fadamar da ya bar miki. Kika ce: "Yunwa tana sallama kafin ta kashe mutum. Kaɗaici shi ba ya sallama."

Daga nan kika shiga tsintar mutane kamar mai tsintar ƙirare.

Kika fara da Baba Jatau. Ya dawo daga asibitin kutare, an ce ciwon ya mutu, amma yatsun da suka tafi ba su dawo ba. A sakaina ake zuba masa tuwo, a tura masa da ƙafa. Kika sa aka yi wa igiyar jigo zarge don ya riƙa zura hannu yana ɗebo ruwa. Da ya ce ba zai iya ba, kika ce: "Albasa ba ta ƙidaya yatsun mai ba ta ruwa."

Sai Kofur, wanda ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, amma ya bar bakinsa can. Ya wuni a tasha yana kallon manyan motocin Ikko suna wucewa, yara suna tsokanarsa. Ba ki tambaye shi komai ba. Kika miƙa masa gawayi da farar ƙasa, kika nuna masa bangon rumfa. Da fari ba abin da yake zanawa sai motocin soja. Can sai ga zalɓe, sai ga gauraka, sai wata rana muka zo muka tarar da ke a jikin bango, da malfarki da giɓinki. Kika tsaya kika daɗe kina kallo, kika ce ya rage miki kyau, za ki kai shi gaban alƙali.

Sai Laraba. Kaka, saboda ita nake wannan rubutu.

Kin fi ni sanin yadda ta zo. Bagwariya daga wani ƙauye can wajen Gwaska, a bakin daji. Ƙudan rafi ya cinye mata idanu, 'ya'yanta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, mijin ya bi su. Aka ce mayya ce, aka koro ta. Ta yi bukka a ƙarshen gari, inda hanyar masu itace take shiga daji, ba mai bi ta ƙofarta sai ya tofa yawu. Ko a cocinsu, ita kaɗai take zama a bencin baya. Ke kika je kika zauna a kan tabarmarta, kika ce ta ba ki kunu. Da aka yi miki magana, kika ce: "Ni da sallata, ita da Lahadinta, kunu kuwa ba shi da alƙibla."

Ashe maginiya ce. Ba na manta yadda take gina randa, tana zagaya ta da baya-baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, tana waƙa da Gwaranci ƙasa-ƙasa. Baba Jatau ya taka mata yumɓu da ƙafa, in tukunya ta sha iska ya mirgina totuwar masara a wuyanta da tafin hannunsa, ado ya fito kamar saƙar zuma. Kofur ya tara itace a gasa, ke ki yayyafa ruwan makuba, tukwane su yi baƙi suna sheƙi. Da hantsi aikin lambu, bayan azahar aikin hannu a rumfa. Da rana kuwa kasko ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, kowa ya sa hannu, mai yatsu da marar yatsu. Wasu suka zo suka tafi, gwauraye da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi Kaduna, amma waɗannan uku su ne murhun wurin.

Abin da ya riƙe su duka, yanzu na gane, zagayenki ne na safe. Ba wanda yake fitowa sai kin kira shi, don wanda aka daɗe ana gudu ba ya yarda ana nemansa sai ya ji da kunnensa. Ki ɗauki sandarki kina jan ƙafar nan da kurkunu ya taɓa, ki tsaya ƙofar Jatau: "Jatau mai hannun sarauta, fito, bayinka sun gudu, yau da kanka za ka yi!" Ki wuce wajen Kofur: "Kofur, an gama wancan yaƙi, saura na ciyawa!" Ki ƙare da ta ƙarshen gari: "Laraba 'yar Gwari, rana ta fito! In ba ki gan ta ba ai kin ji zafinta, taso!" Ita kuma ta amsa daga ciki: "Tsohuwar banza, wa ya aike ki?" Sannan ta fito tana dariya, ta kama ƙarshen sandarki.

Ni kuwa aikina ɓarna. Na sa wa Laraba kwaɗo a cikin yumɓu. Na ɓuya bayan rake na yi haushin gwaggon biri, Baba Jatau ya saki jigo ya runtuma, guga ya dawo ya yi masa wanka. Ba muryar da ban iya ba a garin nan, daga ta ɗan doka har ta mai shelar kasuwa, amma taki ce gwanintata. Sau nawa na je bayan Laraba na ce da muryarki, "Miƙo mini rogon nan," ban taɓa cin nasara ba. Ta ce: "Murya ta Kande ce, amma takun na ɗan iska ne." Ke kuma ki ce: "Bar shi ya koya. Ranar da na mutu shi zai ci kasuwar jikoki." Ni ma in ce: "To ki yi sauri mana, amarya, na gaji da jira."

Kaka, na faɗi wannan magana ya fi a ƙirga. Wasa ne irin namu, kin sani, kowa ya sani. Amma yanzu ita ce take tashe ni daga barci.

Ciwonki bai daɗe ba. Bayan an gama yankan dawa, kin riga kin yafa irin albasa, sai tari da ciwon haƙarƙari. Allurar disfensare ba ta yi ba, jiƙo bai yi ba. Kika daina cin komai. Ranar ƙarshe kika ce ba abin da ranki yake so sai kunun Laraba. Ni na je na karɓo a ƙaramar tukunya. Kika sha, kika lashe baki, kika ce ta cika tsamiya kamar kullum. Washegari kika cika.

Abin da ya biyo baya, na gode Allah da ba ki gani ba. Tun ba a dawo daga maƙabarta ba magana ta fara zagaya tabarmin mata: abin da ta sha na ƙarshe daga hannun wa ya fito? Laraba ta lalubo hanya ita kaɗai da kara a hannu, ta zo gaisuwa. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Sannunku da haƙuri." Ba wadda ta amsa. Aka janye yara. Gwaggo Asabe, 'yarki ta cikinki, ta tashi ta ɗauki taɓarya ta fasa randar nan da Laraba ta gina miki, ruwa ya malale har ƙarƙashin gwiwoyinta. Laraba ta taɓa ruwan, ta taɓa wani ɓallin randar, ta gane aikinta. Ta miƙe ta fita.

Na tsinci ɓalli ɗaya mai adon Baba Jatau, na kafa shi wajen kanki. Da shi nake gane kabarinki.

Daga ranar ba wanda ya sake gangarawa lambu. Irin albasa ya bushe a kwaminsa, birai suka fito daga daji suka yi biki da tumatir. Kofur ya koma tasha. Ni kaina in na doshi fadama, sai in hango malfar nan a jikin bango in juyo.

Baba Jatau ne ya tare ni wata rana bayan la'asar. Ya ce Laraba ta ƙulle kayanta. Ta roƙi wani mai saran itace ya ja ta zuwa kufan ƙauyensu, can cikin dajin Kamuku, inda ba kowa yanzu sai kuraye da sawun giwa. Ta ce in dai ita ce ke cinye wanda ya so ta, gara ta je inda ba wanda zai so ta. Jiran da take yi ɗaya ne, a yi sadakar arba'in ɗinki, ta jiyo addu'a daga nesa, sannan ta kama hanya. Kaka, makauniya ita kaɗai a kufai, ai ba ƙaura ba ce, kin san sunan abin.

Na je ƙofarta na yi sallama, na yi magiya, na ce ni ne Garba mai kwaɗo. Ina jin numfashinta a bayan asabari. Ba ta amsa ba. Na koma washegari, haka. Na rasa abin yi, don ni ban iya komai ba sai ba mutane dariya, kuma ba a buɗe irin wannan ƙofa da dariya.

Ranar sadaka ta zo. Aka yi addu'a, aka raba waina da gumba. Da malamai suka tashi, sai jikoki suka fito da kayanki don a yi wasan da aka saba, wanda jika zai sa tufafin kakarsa ya kwaikwaye ta, a yi dariya a ba shi goro, don a nuna mamaciyar ta tsufa ta bar baya. Suka ɗora mini baƙin saƙinki da malfa da sanda. Suka ce wa zai yi in ba kai ba.

Da na ɗaura zanen, sai ƙanshinki ya buge ni: hayaƙi, da man kaɗanya, da albasa. Amma kin ce ni zan ci kasuwar, kuma ban taɓa bari kin ci ni a wasa ba.

Na fito ina ɗingishi. Na leƙa tukunyar miya na ce wace marar tarbiyya ce ta kashe gishiri haka. Na kori akuya da irin zagin da kike yi mata, har da na uwarta. Na kama kunnen baffana, ɗanki, na ce har yanzu bai biya ni nonon da ya sha ba. Tsakar gida ta kece da dariya. Gwaggo Asabe ta yi dariya har ta koma kuka, ta koma dariya. Aka riƙa cusa mini goro a malfa.

A ƙofar gida ake ƙare wasan, kin sani. Na kai ƙofar gida. Sai na ga hanya, ga sanda a hannuna, kuma ƙafafuna suka ƙi tsayawa. Jama'a suka biyo ni, yara da mata da samari, suna tsammani ci gaban wasa ne.

Na tsaya ƙofar Baba Jatau na yi kiransa da muryarki. Ya fito yana ƙyaƙyatawa, yana nuna ni da guntun hannunsa, sai dariyar ta karye masa a tsakiya, ya rufe fuska da damtse. Ya bi bayana. Muka bi ta tasha. Na ce an gama wancan yaƙi, saura na ciyawa. Kofur ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafa, ya sara mini. Shi ma ya biyo.

Da muka doshi ƙarshen gari, dariya ta fara raguwa. Da aka gane inda na nufa, sai jama'a suka ja suka tsaya daga nesa, wajen bishiyar ɗorawa, kamar an shata musu layi. Na ƙarasa ni da mutum biyu.

Na buga sanda a ƙasa yadda kike yi. Na ce: "Laraba 'yar Gwari, rana ta fito! In ba ki gan ta ba ai kin ji zafinta, taso!"

Ina jin kukan kurciya a cikin daji.

Can sai muryarta ta fito, a dushe kamar wadda ta daɗe ba ta yi aiki ba. Ta ce: "Kande hagu take ja. Kai dama kake ja tun daga ɗorawa."

Kaka, shekara da shekaru ina kwaikwayonki a gabanki, ina kallonki ido da ido, ashe a juye na ɗauke ki. Duk garin nan ba wanda ya lura, har 'ya'yanki. Sai wadda ba ta taɓa ganinki ba.

Na ce shi ke nan, na ɓata. Sai ta ce: "Amma sake faɗa."

Na sake. Ban kai ƙarshe ba muryar ta tsage, rabi taki rabi tawa. Asabari ya motsa. Ta fito, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta lalubo zanen, ta kai shi hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, ba da ni take ba: "Tsohuwar banza, wa ya aike ki?" Ta kwance ɗaurin ta sake ɗaura mini, tana cewa ko ɗaurin zane ban iya ba.

Na san idanu suna kanmu daga gindin ɗorawa. Na tuna abin da kika fara yi ranar da kika zo wannan ƙofa. Na tattaro sauran muryarki na ɗaga ta yadda kowa zai ji, na ce: "Ina kununa?" Ta ce babu sai na jiya, ya yi sanyi. Na ce a kawo. Ta kawo a ƙaramar tukunyar nan, ita dai wadda na kai miki. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro ya kama ni, don ni ma a garin nan aka haife ni, abin da suka ji shi na ji tun ina goye. Na juya na fuskanci jama'a, na kafa kai na shanye, na kife tukunyar. Na ce ta cika tsamiya kamar kullum.

Wata ta yi salati da ƙarfi. Wasu suka juya suka tafi. Gwaggo Asabe har yau ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka, kuma kullum da safe sai ta leƙo ta ga ko na tashi. Ina tashi. Har ƙiba na yi, don haushi.

Laraba ta kama ƙarshen sandarki, na ja ta har fadama, Jatau da Kofur a baya, da 'yan yara kaɗan da iyayensu ba su kama su ba. Ta tsuguna ta dama ƙasar kwami da yatsu, ta ce mun kashe albasa, mu uku ba mu kai tsohuwa ɗaya mai ɗingishi ba. Sannan ta juyo inda nake ta ce: "Garba, cire zanen nan. Kada ka ƙara kirana da muryarta. In kana yi, kowace safiya sai ta sake mutu mini. Gobe ka zo da taka."

To, Kaka, haka ake ciki. Ni ke zagayen safe yanzu, da muryata. Ban iya kirari irin naki ba. Laraba ta ce kirana kamar ɗan akuyan da aka ɗaure a rana, amma tana fitowa. Mun sake yafa iri, ko da yake an makara, albasar bana ƙanana za ta yi. Ta fara gina wata randa. Ƙunshin kayanta yana nan bayan ƙofa, ba ta kwance shi ba, ba ta kuma ɗauka ba. Kullum in na je sai na saci kallonsa. Shi ya sa ko zazzaɓi nake ba na fashi.

Kofur ya ƙara wani abu a bango. Ya zana ni kusa da ke, da zane har gwiwa, ƙafafu kamar na zalɓe. Ni ma zan kai shi gaban alƙali.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na dama tawada. Na naɗe zanenki na sa a ƙasan akwati, kuma ƙanshin yana raguwa. Shekaranjiya ina jan jigo ni kaɗai, ba kowa a fadama, na ce bari in ji ki sau ɗaya, ni da ni, ai alkawarin da na yi wa Laraba bai hana wannan ba. Na buɗe baki in ce "Maigida, ka ci abinci?" yadda kike ce mini. Ba ta zo ba. Na gyara maƙogwaro na sake. Na iya ɗan doka har yanzu, na iya mai shela, na iya gwaggon biri. Taki ce babu. Tun ranar da ta tsage a ƙofar Laraba ba ta dawo ba.

Na yi shekaru ina satar muryarki don rogo da dariya, ba ki taɓa hana ni ba. Sau ɗaya na are ta da gaske, kika bari na gama aikin, sannan kika karɓi abarki. Kin ci wasan, amarya. Na sallama. Amma da kin bar mini ko kalma ɗaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Yadda kika ƙwanƙwasa ƙofofin da kowa ya guje wa, Allah Ya sa a kira ki da sunanki a ƙofar Aljanna, ki shiga ba ɗingishi. Allah Ya ba ki lambun da biri ba ya shiga. Ya ba Laraba ikon kwance ƙunshinta, Ya sanyaya zuciyar Gwaggo Asabe, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.

Ni ne mijin da kika bari da sanda da malfa,
wanda ya ce ki yi sauri, bai san za ki ji maganarsa ba,

Garba.